Tablon sabuwar moto yana ɗaukewa: a buɗe shi ko a jira garanti?

Ɗan Garin Malam:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Shawarar masu sanin wutar moto nake nema. Moto ce 125 mai tablon lantarki, wato allon gaban matuƙi, irin wanda ke rubuta gudu da lamba, ba mai allura ba. Watanta 5 da fitowa daga shago, ta ci kilomita 3,800 da ƴan kai. Mako uku ke nan tablon yana ɗaukewa ana cikin tafiya: ya mutu murus na daƙiƙa biyu ko uku, sai ya dawo kamar yanzu aka murɗa makulli, agogonsa ya koma farko. Ya fi yi a lungunan Birni, a nan Zinder, inda hanya ke da gargada, ko in an karya kai sosai zuwa hagu. Alamar mai ma ba ta tsayawa wuri ɗaya, yanzu sanda huɗu, an jima ɗaya. In kuma moton ta daɗe cikin rana, gefe ɗaya na gilashin yakan yi duhu.

Dillalin da ya sayar ya ce sai an cire an aika Yamai, kuma bai faɗi ranar dawowa ba. Wani mai gyara ya ce a kawo ya buɗe ya bi shi da dalma, yau yau a gama. Wanne ya fi?

Mai Wutar Moto, Zango:

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka bari a buɗe tukuna, kada kuma ka yi saurin aikawa. Abin da ka bayyana bai nuna tablon ne ya lalace ba, ya fi kama da wuta ce ke yankewa kafin ta iso shi. In aka kai shi Yamai aka ɗora a teburi zai kama lafiya lau, a maido maka da shi a ce ba su ga komai ba.

Agogon nan da ke komawa farko shi ne babbar shaida. Wayoyi uku ke ciyar da tablon lantarki: mai zuwa daga batir kai tsaye wadda ke riƙe agogo ko da moto a kashe take, mai zuwa ta bayan makulli, sai mas, wato wayar da ke maida wuta zuwa ƙafar ragi ta batir. Da ta bayan makulli ce kaɗai ke yankewa, tablon zai ɗauke ya dawo amma agogo ba zai manta lokaci ba. Tunda yana mantawa, to ko ta batir ce, ko mas. Wasan alamar mai kuma ya ƙara karkata zancen zuwa mas, domin awon mai da mas yake dogara.

Ka samu miltimeta, na'urar auna wuta, ka sa ta a 20V na wutar batir. Moto a kashe, ta kwana ba a tada ba, lafiyayyen batir yana ba da 12.4 zuwa 12.8. Lokacin da ake danna demare, maɓallin tada inji, kada ya faɗi ƙasa da 10. In ta tashi ka ɗan ja mai, ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. Ƙasa da 13, caji ba ya shiga. Sama da 15, regilata, mai daidaita wutar caji, ta mutu tana tura wuta ba linzami, kuma wannan shi ne ke ƙona tablo da gaske, sai a ajiye moton har a canza ta.

Daga nan ka bi kawunan batir da sifana 10 ko sukurdireba. Sabuwar moto da aka haɗa daga kwali sau da yawa ba a ɗaure su tamau, girgiza ta ƙarasa kwance su. Ka ciro fizibil ɗin da ke kusa da batir, wanda ke tsinkewa in wuta ta yi yawa, yawanci 10A ne ko 15A, ka dubi maƙalansa. In irin na gilashi ne, maƙalan kan saki, sai a matse su da filaya. Wanda ya naɗa zaren waya a madadin fizibil ya sayi gobara da kuɗinsa, wannan kam ba sai an faɗa ba.

Sai gwajin da zai raba gardama. Ka ɗora moton a ƙafa biyu, ka buɗe makulli ba tare da tada inji ba, ka riƙa juya kai hagu da dama a hankali har ƙarshe, idonka a tablo. Ka kama damin wayoyin da ya ratsa wuyan moto ka motsa shi da hannu. In ya ɗauke, to ka kama ɓarawon. A wuyan nan waya ke lanƙwashewa sau dubu a yini, ta karye daga ciki alhali robarta lafiya. Ka ja kowace ɗaya a hankali, wadda ta karye za ka ji tana miƙewa kamar roba. Ka cire kwanon fitilar gaba, fish ɗin tablo, wato soket ɗin da wayoyinsa ke haɗuwa, yana ciki ko bayansa. Ka raba shi ka duba ko wani haƙori ya ja da baya, ko ya yi kore, ko ƙurar hunturu ta cika shi. Cire fish ba buɗe tablo ba ne, ba ya taɓa garanti.

Mas kuma ga yadda ake auna ta: makulli a buɗe, fitila a kunne, baƙin tsinken miltimeta a kan ƙafar batir mai alamar ragi, jan a kan wayar mas ta fish ɗin. Ya kamata ka ga ƙasa da 0.2. In ya haura rabin volt, ka bi wayar zuwa inda aka ɗaure ta a jikin ƙarfen moto, ka kwance, ka kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure, ka shafa ɗan giris a sama. Hattara da launi: motocin da suka bi tsarin Honda, kamar yawancin na China, korayen wayoyi ne mas, baƙa ita ce wutar bayan makulli, ja ta batir. A Yamaha baƙa ce mas, a Suzuki baƙa mai farin layi. Masu gyara da yawa a nan suke kuskure, su haɗa wuta da mas.

Mai Kayan Moto, Kasuwar Dole:

Maganar malam na Zango daidai ce, ni ta fannin takarda zan ƙara. Garanti ba kamfanin da ya ƙera ke ba ka shi hannu da hannu ba, wakilinsa na ƙasar da aka sayar ne ke ɗaukar nauyi. Moton da ta shigo ta Kano ko aka sayo a kwali hannun ɗan kasuwa, ko da sabuwa ce fil, wakilin Yamai yana iya cewa ba tasa ba ce. Saboda haka farko ka duba kana da faktir, wato takardar saye, mai tambarin shago da kwanan wata, da littafin garanti, kuma lambar shasin da ke ciki, mai haruffa da lambobi 17, ta yi daidai da wadda aka buga a wuyan moton. Ka karanta iyakar garantin da kyau. Ana rubuta shi da watanni da kilomita, duk wanda ya riga cika shi ke nan. Kayan wuta wani lokaci wa'adinsu ya fi na inji gajarta.

Abubuwan da ake kafa hujja da su a ƙi gyara sanannu ne: an ɓalle hatimin tablo, an yanke waya an jona cajar salula ko fitilar ado ko rediyo, ko ba a kawo moton juyen mai a lokutan da littafin ya ce ba. In akwai wani abu da aka jona, shi ma abin zargi ne a matsalar kanta.

Ka ɗauki bidiyo yana ɗaukewa, a ga kilomita a ciki, domin ciwon da ke zuwa yana tafiya ba ya yarda ya fito gaban likita. In za ka bar musu tablon ko moton, kada ka fita ba takarda: ranar karɓa, lambar shasi, abin da ka kawo ƙara a kai, kilomitan da ke kai, da sa hannu. Amfaninta shi ne ko wa'adi ya cika kayan na hannunsu, ka riga ka kai ƙara cikin lokaci. Maganar kilomita kuma, a cikin tablon ake ajiye lissafin, sabo daga sifili zai fara. Sai a rubuta tsohon adadin a littafi, don ranar sayarwa kada a ce ka yi ha'inci, kuma don lissafin juyen mai.

Wakilai ba sa gyara cikin tablo, canza shi suke yi ɗungurungum, jiran kaya ne ke cin lokaci. Yamai kusan kilomita 900 ce daga nan, kuma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kayan da ke zuwa ta teku suna daɗewa a hanya. Ka nemi su yi odar sabon da lambar da ke manne a bayan naka, su bar maka tsohon a jiki har ya iso. Ka kuma tambaye su ko kamfanin ya taɓa kiran motocin wannan zubin a dawo da su saboda tablo. Da lambar shasi ake dubawa, kuma irin wannan gyaran kyauta ne.

Mai Gyaran Rediyo da Salula:

Ni ban ce dalma ba ta da rana ba, amma ranarta bayan garanti ya ƙare ce. A yanzu garin neman gira za a rasa ido.

Duhun gilashin nan dai daban yake da ɗaukewar, kada a haɗa su. Ruwan da ke cikin allon ba ya son zafi, in ya wuce ƙima sai ya yi baƙi, in ya huce ya washe. Ranar Afrilu da Mayu a Damagaram, da inuwa ma ta haura digiri 40, baƙin robar tablo da ke kallon sama ta fi haka nesa. Muddin yana washewa, ba lalacewa ba ce: a ajiye a inuwa, ko a jefa ƙyalle ko hula a kai. In ya zama tabo mai ruwan ƙasa da ba ya tafiya, fatar saman gilashin ce ta ƙone, ita ana ɓare ta a manna wata, sai dai a juya sabuwar a hankali har rubutu ya fito sosai kafin a manna.

In lambobi suka fara rasa gaɓoɓi, 8 ta koma kamar 3 ko 0, yawanci ƴar robar da ke tsakanin gilashi da farantin kayan wuta ce ta yi datti ko ta saki. Ana goge ta da alkol mai ƙarfi, ba fetur ba, a mayar a matse daidai. Dalmar da ke tsagewa kuwa ta ƙafafun fish ce, inda nauyin waya ke ja. Da madubin ƙara girma za ka ga zobe siriri kewaye da ƙafar. Kuma a duba robobin da tablon ke zaune a kansu, in sun fita girgiza kai tsaye take shiga.

Ruwa ya fi shiga tablo a wurin masu wanki da injin feshi fiye da a damina. In ka ga raɓa a cikin gilashi, ka cire ƙafar batir, ka bar shi ya bushe a iska mai ɗumi kafin a ba shi wuta. Kada a toshe ƴar ƙofar numfashin da ke bayansa da gam, ita ce ke fitar da laima.

Ɗan Sabon Gari:

Abu biyu aka tsallake. Buji: tablon lantarki yana son mai R a lambarsa, misali a NGK CR7HSA ba C7HSA ba, DR8EA ba D8EA ba. Marar R yana watsa tartsatsin da ke rikita lamba, gudu ya riƙa tsalle ko tablo ya sake tashi. Na biyu, kada a riƙa tada ta da kik ana yawo da mataccen batir, batir shi ke shanye hawa da saukar wuta. In za a yi walda a jiki, a cire batir da fish ɗin tablo da na CDI, akwatin da ke sarrafa wutar buji.

Fulotar tanki, mai awon man da ke ciki, in ana son tabbatarwa da miltimeta: a tsarin Honda kusan om 10 ko ƙasa in tanki ya cika, kusan 100 in ya ƙare. A ɗaga sandar fulotar a hankali, lambar ta tafi sumul ba tsalle.

Ɗan Garin Malam:

Allah ya saka da alheri. An auna: a kashe 12.5, a kunne 14.1. Kawunan batir a ɗaure suke. Buji na kamfani ne, mai R. Amma mas ta nuna 0.1 in kai na tsaye, da an karya hagu sai ta yi tsalle ta wuce volt 3, tablon ya ɗauke. Faktir da littafi duk suna nan, ba abin da aka jona.

Mai Wutar Moto, Zango:

To madalla, batir da regilata sun fita daga zargi, tablon ma ya fita. Wayar mas ce ke karyewa a wuya, ko haƙorinta a fish. Kafin ka koma wurin dillali ka tabbatar: ɗauki waya mai kauri tsawon mita ɗaya, kai ɗaya a ƙafar ragi ta batir, ɗayan ka cusa ta bayan fish ya taɓa haƙorin mas, ba yanka ba feƙewa. Juya kan hagu. In bai ɗauke ba, ka ɗauki bidiyon duka biyun, da wayar da ba ita.

Da wannan za ka je, ka ce musu damin waya ne ba tablo ba, a rubuta haka a takardar karɓa. Aikin nan makanikensu na nan Zinder zai iya yi, ba sai an je Yamai ba. In sun ce za su jona maimakon canza damin, ka tsaya a kai: a yanke wurin da ya karye gaba ɗaya, a sa sabuwar waya mai laushi, mahaɗan biyu su faɗa nesa da inda wuya ke lanƙwasa, ɗaya cikin kwanon fitila ɗaya ƙarƙashin tanki, domin wurin da aka yi wa dalma yana sandarewa ya sake karyewa. A sassauta ɗaurin damin yadda in an karya kai har ƙarshe ta kowane gefe zai rage sako-sako kamar faɗin yatsa biyu. Ka sake auna mas ɗin a gabansu, kai a karye hagu, kafin ka sa hannu ka karɓa.