Wane daji ne har yanzu mutum zai iya kwana a ciki da iyalinsa, ko dai mu haƙura?

Malamin Yelwa (Garwa):

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa kwana a gandun dajin gwamnati, ba masu jin labari irina ba. Ni malamin lekol ne, wato makaranta, a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, shekara 11 ke nan ina koya wa yara cewa muna da Waza da Binuwai da Faro da Buba Njida, su haddace su zuba min a takardar jarrabawa in ba su maki, amma wallahi ni kaina ban taɓa taka ko ɗaya ba, iyakata gidan zu na cikin gari. Ranar nan autana ya tambaye ni wai raƙumin dawa ya fi katangar gidanmu tsawo ne, na ce masa eh, ya ce Baba ka taɓa tsayawa kusa da shi? Sai na kama tari.

To hutun Disamba ya matso, ni da wani abokina mai kat-kat, wato motar jif, muna so mu kwashi iyali mu yi ko da kwana 2 ne. Abin da nake son sani, ana kula da wuraren nan kuwa? Ɗakunan kwana, ruwa, banɗaki, hanya, tsaro. In tanti za mu kafa ana bari? Wani ya ce min duk sun zama kango, wani kuma ya ce sharri ne. Kar in kwashi mata da yara in kai su inda za su riƙa yi min gori har tsufana.

Baba Direba (Marwa):

Wa alaikumus salam Malam. Ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Ni na ci tuwo da Waza, shekaru na yi ina ɗaukar nasara daga Marwa in kai su, kilomita wajen 120 ne ta Mora, mu kwana a bukkokin nan da ke kan dutse, da asuba mu ɗauki mai nuna hanya a ƙofa mu shiga. Raƙumin dawa kam ba nemansa ake ba, shi ke tare maka hanya. Jimina, gwanki, mariya garke-garke, mugun dawa, zabin daji kamar an watsa gero. Zaki sai mai rabo, giwa kuma sai ka iya karanta sawu.

Dajin tsoho ne, tun 1934 nasara suka keɓe shi, 1968 ya zama gandun ƙasa, 1979 UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi a lissafinta na muhimman wuraren halittu. Amma abin da mutane ba su lura da shi ba, a 1979 ɗin nan dai aka gina madatsar Maga saboda noman shinkafa, ruwan kogin Logon da ya saba malala cikin fadama duk damina ya ja baya, ciyawa ta canza, mariya ta ragu sosai. Sai a 1994 aka buɗe wata hanyar ruwa don fadamar ta ɗan farfaɗo. Ka ga tun kafin a ji sunan Boko Haram dajin yana fama da ƙishi. Sannan a Fabrairun 2013 aka sace Faransawan nan mutum 7 'yan gida ɗaya wajen Dabanga bayan sun fito daga yawon Waza, 2014 kuma aka kwashe 'yan Sin ma'aikatan hanya su 10, daga nan kasuwarmu ta mutu murus. Ni da na saba duk sati ina hanya sai da na sayar da motar na koma ɗaukar albasa.

Kuma bari in gaya maka yadda abin yake, daji ba gini ba ne da za ka kulle ka tafi ka dawo ka same shi yadda ka bari. Ƙasar can laka ce, damina ɗaya tana cinye hanyar mota ƙaf, in ba a sa gireda ta bi bayan ruwa ya janye ba to shekara mai zuwa ƙaya ta rufe ta. Tafkunan da dabbobi ke sha da rani yawancinsu haƙa su aka yi, sai ana yashewa. Rufin bukka na ciyawa ne, gara na jiransa. Duk wannan kuɗi ne, kuma in baƙo ya daina zuwa babu mai tunawa da wurin.

Shawarata, Waza kar ka ɗauki yara ka nufa haka kawai da ka, sai ka tambayi halin hanya a satin da za ka tafi, wajen mutanen Mora da direbobin Kusiri, ba wajen 'yan Facebook ba. Sannan Disamba ciyawa na da tsawo, ruwa ko'ina, dabba ba ta da dalilin fitowa ta gaishe ka. Maris da Afrilu ne ake ganin su sun taru a bakin tafki, sai dai zafin lokacin, hmm, Allah ya kyauta.

Maman Ikram (Ngaundare):

Baba ya yi bayanin maza, bari in yi na mata tunda da iyali za ku. Mu mun je bara ni da maigida da yara 3, ɗaya daga cikin dazuzzukan nan na yankin Arewa, ba zan kama sunan masaukin ba don ma'aikatan sun yi mana kirki iya ƙarfinsu kuma na lura ba laifinsu ba ne. Amma gaskiya ɗaya ce. Famfo yana nan, ruwa babu, da bokiti wani yaro ya riƙa ɗebo mana daga kogi. Gidan sauron da ke ɗakin ya yage, ramin da ke jiki ko akuya za ta wuce. Janareto sun ce akwai amma sai mu sayi mai da kanmu. Banɗakin kuma, ni dai na gode Allah da na taho da omo da buta da tsintsiyata.

To duk da haka in aka ce in koma gobe zan koma. Da magariba muna zaune bakin kogi dorina ta ɗago kai ta yi wannan gurnanin nata, ƙaramar tawa ta ruƙunƙume ni tana dariya tana kuka lokaci guda, har yau labarin take ba ƙawayenta. Da safe gwaggon biri ya sace mana burodi a kan tabarma muna kallo.

Ku tafi da ruwan shanku jarka-jarka, gidan sauro naku, tocila, bargo don sanyin Disamba a bakin kogi ba wasa ba ne. Kar a sa wa yara baƙaƙen kaya ko shuɗi, tsando na bin su. Kuma kar a bar yaro ya je wanka a kogi ko da ruwan ya yi kwance kamar a faranti, akwai kada.

Abu ɗaya da ya ƙona min rai, ba na gwamnati ba ne, namu ne. Wasu 'yan gari sun zo fiknik kafin mu, suka bar ledoji da gwangwanin sardin da robobin lemo a ƙarƙashin bishiya, ga toka inda suka gasa nama. Mai gadin, dattijo, shi ya bi yana tsinta da hannu. Mu ne masu cewa ba a gyara, mu ne kuma masu zubarwa.

Abba Njamena:

Malam in kana da takardun ketare iyaka kuma aljihu da dan nauyi ka zo gandun dajin Zakuma a nan Cadi ka ga yadda ake rike daji, ba wai don ni dan Cadi bane nake fada. Nima da ban yarda ba sai da ogana ya dauke ni tuki muka je. Nisa kam akwai, kusan kilomita 800 daga Njamena ta Mongo, dajin yana kusa da Amtiman, kuma da damina ruwa ke shanye shi gaba daya sai rani ake shiga

dajin nan fa ya taba mutuwa ya dawo. A 2002 giwaye sun fi 4,000, kafin 2010 saura wajen 450, mahaya dawakai masu neman haure sun gama da su, har giwayen suka daina haihuwa saboda firgici. A 2010 gwamnati ta ba African Parks, wata kungiya mai kula da gandun daji, rikon wurin, suka sa wa giwaye abin wuya mai nuna inda suke, suka raba rediyo a kauyuka, masu gadi na sintiri har cikin damina. Ba a banza aka samu ba, a 2012 an kashe masu gadi 6 suna sallar asuba, Allah ya jikansu. Amma yanzu giwaye na haihuwa, bauna ta fi 10,000, rakumin dawa kuwa sai ka gaji da kirga. Da idona na ga katon toron giwa ya zo yana shan ruwa a tiyo daga hannun mutum

masaukin Tinga tsaf yake, ruwa na zuwa, hanya a share, kuma sun ware wani sansani saboda yan kasa da yan makaranta don kar ace wurin na nasara ne kadai. Ba komai ne ya tafi daidai ba, karkanda 6 da aka kawo daga Afirka ta Kudu a 2018 hudu sun mutu cikin watanni. Amma dai mai gadi yana da takalmi yana da mai a mota kuma albashinsa na zuwa, ni a ganina nan ne duk maganar take

Ɗan Colire:

Ku yi haƙuri zan ɗan ɓata muku hira. Kowa na maganar famfo da gidan sauro, mu da muke zaune a gefen dajin fa? Ni a bakin Buba Njida na tashi, ƙasar Rai Buba. A farkon 2012 da mahayan nan suka shigo suka kashe giwaye ɗaruruwa muna nan, warin gawa har gari, sai daga baya aka turo soja. Na ji zafin abin, amma ba zan ɓoye muku ba, akwai manoman da ba su yi kuka ba, don giwa dare ɗaya take shafe gonar dawa ta shekara kuma babu mai biyanka ko sisi.

Ku ɗauki taswira ku duba, Faro da Binuwai da Buba Njida, ga yankunan farauta da aka ba masu kawo nasara harbi sun zagaye su, in ka haɗa kusan rabin yankin Arewa ne. Ga jama'a na ta ƙaura daga Arewa Mai Nisa suna neman gonar auduga da masara, ga Mbororo da shanu suna neman burtali, ga samari na haƙar zinariya a bakin kogi don babu wani aikin. Mai gadi ɗaya da tsohuwar bindiga zai tare duk waɗannan? A takarda an ce wani kaso na kuɗin farauta na komawa ga ƙauyuka, to ni dai in mutum ya ga rijiya ko aji da kuɗin dajin ya gina shi da kansa zai kai rahoton maharbi, in bai gani ba kuwa shi zai nuna wa maharbin hanya.

Abba kana maganar karkanda, ka san irin tamu ta ƙarshe a duniya a nan arewacin Kamaru take? An bi daji an nema a 2006 ba a ga ko ɗaya ba, 2011 aka sanar ta ƙare. Kuma a Garwa muke da makarantar koyon aikin namun daji tun 1970, ƙasashen Afirka masu Faransanci nan suke turo mutanensu, har 'yan Cadi. Ilimin a gidanmu yake.

Ban ce kar ka je ba Malam. Ka je, Buba Njida akwai kyau, duwatsu da koguna, sai dai daga Colire hanyar ƙasa ce ka duba tayoyinka. In kun tashi ku sayi kaji da zuma da itace a ƙauyen bakin ƙofa, kar ku loda komai daga Garwa.

Baba Direba (Marwa):

Ɗan Colire ka faɗi gaskiya ɗana. A zamaninmu ma nasara ya biya kuɗin shiga ya biya na kyamara ya ɗau hoto ya tafi, yaran garin Waza kuwa da yawa sun girma ba su taɓa wuce ƙofar ba. Malam na manta, batun tanti, kar ka kafa inda ka ga dama, ka tambaya a ƙofa su nuna maka, kuma ba a shiga sai da mai nuna hanya. In ya yi muku aiki ku ba shi na goro da daɗi.

Malamin Yelwa (Garwa):

Kai jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Baba Allah ya ƙara girma, Waza mun ajiye ta sai Maris in hanya ta yi kyau, kuma mu maza za mu fara zuwa. Abba, Zakuma ta shiga raina amma albashin malamin lekol bai kai Mongo ba balle Amtiman. Mun tsaya a kan Binuwai tunda tana kan titin Ngaundare, in abin bai yi ba mu juyo gida a ranar. Maman Ikram, uwargida ta karanta naki ta ce jarka nawa kuka tafi da ita ku biyar, kuma ita ma wai da tsintsiyarta za ta.