Muhawara: Shin wahalar naƙuda kaɗai ta isa hujjar maka asibiti a kotu kan yaro mai shanyewar ƙwaƙwalwa?

Kawun yaron: Assalamu alaikum. Na kawo wannan magana gabanku ne saboda ta raba kan danginmu gida biyu. Ɗan ƙanwata ya cika shekara 4 bai iya zama da kansa ba, hannayensa kullum a dunƙule, kuma idan aka ɗaga shi tsaye sai ƙafafunsa su harɗe kamar almakashi. Likitoci sun ce shanyewar gaɓoɓi ce da ta samo asali daga rauni a ƙwaƙwalwa. Mahaifiyarsa ta kwana biyu tana naƙuda a asibiti, kuma tun ƙarfe 2 na dare aka ce bugun zuciyar jaririn ya yi ƙasa, amma ba a shiga da ita tiyata ba sai bayan ƙarfe 6 na safe. Ya fito jikinsa a sake, bai yi kuka ba, washegari ya fara jijjiga. Ni a wurina, duk yaron da aka sha irin wannan wahala wajen haihuwarsa, daga baya wannan lalura ta bayyana a jikinsa, to sakacin asibiti ne babu tantama, kuma wajibi ne a ɗauki lauya a shigar da ƙara. Mai ja da wannan, ina sauraronsa.

Likitar yara: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya ƙara wa mahaifiyarsa juriya. Malam, jan da nake da shi a kan kalmar "duk" ne. Wannan ra'ayi naka tsohon ra'ayi ne a likitanci, domin wani likitan ƙashi na Ingila, William Little, shi ya fara danganta lalurar da wahalar haihuwa a 1861. A 1897 Sigmund Freud, wanda a lokacin yake aiki kan cututtukan jijiyoyin yara, ya ce sau da yawa raunin yana faruwa tun jariri yana ciki, kuma wahalar haihuwar alama ce ta wannan rauni, ba ita ta jawo shi ba. Binciken da ya biyo baya ya fi karkata ga maganarsa. Cikin jarirai 1,000 ana samun kimanin 2 masu wannan lalura, kuma a ƙasashe masu ingantattun asibitoci, waɗanda rashin iska lokacin haihuwa ya jawo wa ba su wuce kimanin 1 cikin 10 ba, ko da yake adadin ya fi haka a inda kulawar masu naƙuda take da rauni. Sauran dalilan sun haɗa da bakwaini, da cutar da ta kama uwa tana da ciki, da ciwon shawara mai tsanani a makon farko, da sanƙarau, da abin da ya shafi ƙwayoyin gado.

Kawun yaron: Likita, da ma mun san haka za a ce mana. Ba a taɓa jin likita ya fito ya ce ɗan uwansa ya yi laifi ba, kuma sa'o'i huɗun nan da aka bar yarinyar nan tana murƙususu ba Freud ne zai yi mana bayaninsu ba.

Likitar yara: Ban wanke kowa ba, Malam. Hasali ma abin da ka bayyana, wato raguwar bugun zuciya, da rashin kuka, da jijjiga a rana ta biyu, ya yi kama da yanayin da ya cancanci a bincika sosai. Ga abin da za a duba: makin Apgar, wato makin lafiyar jiki da ake ba jariri a minti na 1 da na 5 bayan haihuwa, da sakamakon jinin igiyar cibiya idan an ɗiba, domin tsamin jinin yana nuna ko jariri ya rasa iska, da hoton ƙwaƙwalwa na MRI, wanda yakan nuna ko raunin na lokacin naƙuda ne ko ya girmi naƙudar da makonni. A kuma duba abin da aka yi masa bayan ya fito, domin a asibitocin da suke da kayan aiki ana sanyaya jikin irin wannan jariri na tsawon sa'o'i 72, kuma sai an fara cikin sa'o'i 6 na farko yake amfani.

Barista: Ina ganin ku biyun kuna magana ne a kan tambayoyi biyu daban, kuma kotu tana yin dukkansu. Ta farko, shin kulawar da aka ba maijego ta gaza wadda ƙwararren ma'aikaci mai hankali zai bayar a irin wannan hali? A Ingila da ƙasashen da suka gaji tsarin shari'arta, ma'aunin ya samo asali ne daga shari'ar Bolam ta 1957, inda aka ce likita bai yi sakaci ba matuƙar ya bi hanyar da wani rukuni na amintattun likitoci ya yarda da ita. Ta biyu, shin wannan gazawar ce ta jawo raunin, wato da an yi tiyatar ƙarfe 3 maimakon ƙarfe 6, da yaron ya tsira? Nauyin kawo hujja a kan duka biyun yana wuyan mai ƙara. Akwai shari'ar Whitehouse da Jordan, inda likita ya yi ta ƙoƙarin jawo jariri da ƙarfen jawowa kafin ya koma tiyata, yaron ya samu rauni a ƙwaƙwalwa, alƙalin farko ya ba iyalin diyyar fam 100,000, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke, kuma kotun ƙarshe ta tabbatar da sokewar a 1980, shekara goma bayan haihuwar yaron. Saboda haka, Malam, ina tare da kai a kan neman lauya, amma ba na tare da kai a kan "babu tantama".

Wani uba: Ni na bi wannan hanya, kuma shawarata ita ce kada a bi ta. Shekara 6 muka yi muna kai da komo a kan 'yata, ana ɗage zama yau, gobe a ce shaidan asibiti ya yi tafiya, daga ƙarshe ƙwararren likitan da mu da kanmu muka ɗauko ya ce ba zai iya rantsuwa cewa jinkirin ne ya jawo raunin ba. Ranar da muka fito daga kotu hannu rabbana, na lissafa abin da muka kashe, na ga da ya ishe ta gashin ƙashi na shekaru da keken da ya dace da jikinta. Matata kuwa, duk zaman da aka yi sai an sa ta maimaita labarin wannan dare a gaban mutane, ta dawo gida ta kasa barci.

Barista: Yallaɓai, ban raina abin da ya same ka ba, amma kuskuren yana wurin da aka shigar da ƙara kafin a ji ta bakin ƙwararren. Lauyan da ya san wannan fanni ba ya zuwa kotu sai ya karɓi fayil, ya ba likitan mata da likitan jarirai masu zaman kansu sun karanta, kuma idan suka ce babu hujja sai ya gaya wa iyaye gaskiya tun kuɗinsu bai tafi ba. Akwai kuma waɗanda suka daure suka ci riba. Nadine Montgomery ta haihu a Scotland a 1999. Mace ce gajera mai ciwon sukari, kuma ba a gaya mata cewa akwai haɗarin kashi 9 zuwa 10 cikin 100 na kafaɗar jaririn ta maƙale ba, wanda da ta sani da ta zaɓi tiyata. Kafaɗar ta maƙale, yaron ya samu wannan lalura. Ta sha kaye a kotuna biyu, sannan a 2015 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ba ta gaskiya da diyyar fam miliyan 5.25, ta kuma kafa ƙa'idar cewa dole likita ya sanar da majiyyaci duk wani haɗari mai muhimmanci. Diyya irin wannan kuwa lissafin kulawar yaro ne har ƙarshen rayuwarsa, har da lokacin da iyayen ba sa raye.

Ungozoma: Ku yi mini afuwa in sa baki. Shekarata 20 a ɗakin haihuwa, kuma na sha kwana ni kaɗai a kan mata shida, likitan tiyata ɗaya yana kan wata matar da jini ya ɓalle mata. Idan jinkiri ya faru a irin wannan dare, wa za a kama? Wadda ta rubuta sunanta a fayil ita ake nunawa da yatsa, alhali ba ita ta hana a ɗauki ma'aikata ba.

Barista: Malama, shi ya sa akasari asibitin ake kai ƙara, domin shi yake ɗaukar alhakin aikin ma'aikatansa da kuma gazawar tsarinsa. Wasu ƙasashen ma sun kauce wa wannan nuna yatsa gaba ɗaya. Japan, tun 2009, tana biyan yen (kuɗin ƙasar) miliyan 30 ga yaron da ya cika sharuɗɗa ba tare da an tabbatar da laifin kowa ba, tana kuma ba iyaye rahoton binciken abin da ya faru, kuma jihohin Virginia da Florida a Amurka suna da asusu makamancin wannan tun ƙarshen shekarun 1980. Inda babu irin wannan tsari, kotu ko sulhu ne kawai suka rage. A kuma kula da wa'adin shigar da ƙara: a Ingila ba ya fara ƙirguwa a kan yaro sai ya cika shekara 18, amma wasu wuraren wa'adin gajere ne ƙwarai, musamman idan asibitin na gwamnati ne.

Mahaifiyar yaron: Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma na gode. Yaya, ni ba na iya rantsuwa cewa laifinsu ne, domin ina da cikin wata bakwai na yi zazzaɓi mai zafi na kwana huɗu, kuma ban taɓa gaya maka ba. Amma har yau babu wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini abin da ya faru tsakanin ƙarfe 2 da ƙarfe 6. Barista, me zan rubuta a takardar neman fayil ɗin?

Barista: Hajiya, ki nemi cikakken kwafin fayil ɗinki da na yaron, ki ambaci katin awon ciki, da takardar bibiyar naƙuda, da takardar da na'urar auna bugun zuciyar jariri ta fitar idan an yi amfani da ita, da bayanin tiyata, da na ɗakin jarirai. Ki sa kwanan wata, ki riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Zazzaɓin nan kuma ki gaya wa lauyan tun zaman farko, domin lauyan asibiti zai gan shi a katin awo.

Kawun yaron: Ni dai har yanzu ina kan bakana game da sa'o'i huɗun nan. Amma zan raka ta kai takardar ranar Litinin.