Ƙwarƙwata ta dawo kan ƴata bayan na yi mata magani

Uwar Biyu, Sabon Gari:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san lafiyar yara. Ƴata mai shekara 7 ta daɗe tana susar kai, musamman ƙeya da bayan kunne, da na tsefe mata kitso kuwa sai na tarar da wasu fararen abubuwa manne da gashi waɗanda ba sa faɗuwa ko an karkaɗe. Na sayo magani a farmasi na wanke mata kai, susar ta lafa, amma ba a jima ba ta dawo, yanzu ƙanwarta ma ta fara. Wata maƙwabciyata ta ce in shafa kananzir, ko in ɗiga fiya-fiya a man shanu. Shin wannan ƙwarƙwata ce ko amosani, kuma me ya sa maganin bai gama da ita ba?

Ma'aikaciyar Jinya, Zango:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin komai, don Allah kada kananzir ko fiya-fiya su taɓa kan yarinyar nan. Kananzir yana ƙona fata kuma yana kama wuta idan ta matso kusa da murhu, fiya-fiya kuwa guba ce da ke ratsa fata ta shiga jiki, kuma fatar da aka riga aka sosa ta fi saurin shan ta.

Abin da kika gani ƙwan ƙwarƙwata ne. Amosani yana zamewa da zarar an taɓa shi, shi kuwa ƙwan uwar ce take manna shi a jikin silin gashi dab da fata, sai an ja shi da farce yake fita. Ita ƙwarƙwatar girmanta bai wuce ƙwayar riɗi ba, ba ta da fiffike kuma ba ta tsalle, rarrafe kawai take yi daga kai zuwa kai idan yara sun haɗa kawunansu wajen wasa ko barci.

Dalilin dawowarta a wurin ƙwan yake. Maganin da aka fi samu, wato permethrin mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, yana kashe masu rai amma ba ya kashe dukkan ƙwai. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 7 zuwa 10, ƴaƴan kuma suna isa yin nasu ƙwai bayan wasu kwana 9 zuwa 12, saboda haka duk wanda ya yi magani sau ɗaya ya tsaya, ya bar wa sababbin fili ne. Ki sake farawa: ki wanke kan, ki tsane shi da tawul, ki shafa maganin har ya jiƙa fatar kai, ki bar shi minti 10 sannan ki ɗauraye, kuma ki maimaita a rana ta 9 ko ta 10. Ki duba kan kowa a gidan, duk wanda aka ga mai rai a kansa a yi masa a rana ɗaya da ita. Jaririn da bai kai wata 2 ba ba a sa masa wannan magani. Idan an yi sau biyu daidai amma har yanzu kina ganin masu motsi, ki koma wurin likita a sauya mata wani, domin a wurare da dama ƙwarƙwata ta saba da permethrin.

Mai Kitso, Birni:
Abin da Malama ta faɗa haka yake, sai dai zan ƙara da ɓangaren da ya shafi sana'armu. Gashinmu yana da cika da murɗewa, kuma matajin ƙwarƙwata haƙoransa a matse suke, idan aka cusa shi a busasshen gashi yarinya za ta sha azaba ta ƙi yarda a sake. A jiƙa gashin, a shafe shi da man kwakwa sosai, a fara warware shi da babban mataji, sannan a raba shi ƙanana-ƙanana da kibiya ana tajewa daga tushe zuwa baki, ana goge matajin a farin ƙyalle don a ga abin da ya fito. A yi haka bayan kowane kwana 3 ko 4 har mako biyu, a tsakar gida inda akwai haske. Amma ranar da za a sa maganin farmasi kada a shafa mai tukuna, yana hana shi kama gashi. Kuma ina roƙonki kada ki mayar mata da ƙananan kitso yanzu. Ki yi mata manya guda huɗu ko shida waɗanda za a iya tsefewa cikin sauƙi. Mu ma masu kitso ya kamata mu riƙa jiƙa mataji da kibiya a ruwan zafi na minti 10 kafin mu taɓa wani kan.

Uwar Biyu, Sabon Gari:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sai dai kun san yadda ruwa yake a Damagaram, garwa muke saye. Dole ne in wanke dukkan kayan ɗakin?

Ma'aikaciyar Jinya, Zango:
Ba dole ba ne, Hajiya. Ƙwarƙwata jinin mutum take sha sau da yawa a yini, idan ta rabu da kai ba ta wuce kwana 1 zuwa 2 a raye. Abin da ya taɓa kansu cikin kwana biyun da suka wuce kawai za ki wanke da ruwan zafi, kamar rigar matashin kai, ɗankwali, hijabi da hula. Wanda ba ya wankuwa ki ɗaure shi a leda na mako biyu. Ba a fesa maganin ƙwari a ɗaki saboda ita, awaki da kaji ma ba sa ɗaukar ta. Ki gaya wa malamarsu ta islamiyya a asirce domin a duba ƙawayenta, tunda ba ƙazanta ke kawo ta ba, kai mai tsabta ma tana kamawa. Idan kika ga gyambo mai ruwa, ko kaluluwa a wuya, ko gashi yana zubewa a zagaye kamar makero, to wannan sai an je asibiti an duba ta.