Neman kalma: kan babur mai kaɗawa a guje

Mai fassara: Assalamu alaikum. Gobe da safe zan miƙa fassarar wani darasi kan baburan da ake yi wa sauyin ƙira, na maƙale a "wobble". Shi ne kan babur ya riƙa kaɗawa dama da hagu shi kaɗai, kamar sau 4 zuwa 10 a daƙiƙa guda, har ya nemi ƙwacewa daga hannun mai tuƙi. Sai kuma "rake" da "trail".

Bakanike: Rawar kai. Haka nake gaya wa masu kawo min aiki, kafin in duba boris ɗin wuya da iskan taya.

Malamar Hausa: Rawar kai ai ta ɗan Adam ce. Mai karatu zai ɗauka babur ɗin ne ba shi da natsuwa. Makyarkyata fa?

Tsohon direba: Farfaɗiyar kai. Wanda ya taɓa gani ya san farfaɗiya ce.

Malamar Hausa: Cuta ce da ke damun mutane, Baba, kada a mai da ita sunan matsalar ƙarfe. Kuma boris ɗin nan Hausa ce?

Bakanike: Malama, ki je gareji ki nemi "ƙwallayen wuya" ki ga ko za a gane ki.

Tsohon direba: Da ma ku 'yan boko sai ku zauna a ofis ku raɗa wa kayanmu suna. Ni farfaɗiya zan ci gaba da cewa.

Mai fassara: Don Allah, lokaci. Trail fa?

Bakanike: Ja layi ta wuyan babur har ƙasa. Inda layin ya sauka yana gaban inda taya ta taɓa ƙasa. Tazarar nan ake nufi, yawanci wajen inci 4. Ita ke sa taya ta miƙe da kanta. Rake kuwa shi ne yadda wuyan ya kwanta baya daga tsaye. Wuyan baburan tsere yana kwanciya wajen digiri 24, na masu dogon gaba har 45. In mai ƙira ya sauya faranten da ke riƙe da ƙafafun gaba ya cinye tazarar, kai ya yi sakayau, daga nan rawa ta fara.

Malamar Hausa: To, kishingiɗar wuya da tazarar sawu. Waɗannan sun zauna.

Mai fassara: Na ɗauka, na gode. Ta farkon, wato wobble, zan sa rawar kan babur.

Malamar Hausa: Da "babur" a jiki na haƙura, amma ban gamsu ba.