Muhawara: daidai ne ɗan sandan Landan ya fita sintiri ba bindiga?

Malam Sani: Assalamu alaikum. Ni dai na tsaya a kan cewa rashin rataya wa kowane ɗan sandan Landan bindiga shi ne ginshiƙin aikinsu. Lokacin da Robert Peel, ministan cikin gida, ya kafa rundunar a 1829, mutanen Ingila tsoron soja suke yi. Shekara goma ke nan da mahaya dawakai suka afka wa taron jama'a da takubba a Manchester. Shi ya sa aka ɗinka wa sababbin 'yan sandan shuɗin kaya maimakon jan kayan soja, aka ba su kulki da wani katako mai ƙara da suke kaɗawa in suna neman ɗauki. Nufin shi ne mutum ya ga ɗan sanda ya ga ɗan gari irinsa.

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam. Malam, Landan ta zamanin Peel ba ita ce ta yau ba. A watan Maris na 2017 an kashe ɗan sanda Keith Palmer da wuƙa yana gadin ƙofar majalisar dokoki, ba shi da bindiga. Wanda ya harbe maharin mai tsaron wani minista ne da Allah ya sa yana kusa. Palmer ya bar mata da ƙaramar 'ya. Wallahi har yau abin yana taɓa min zuciya.

Usman: Hajiya, ai ba wai babu masu bindiga ba. Akwai sashe na musamman da ke zagaya gari a mota dare da rana. A harin Gadar Landan, watan Yuni na 2017, cikin minti takwas da kiran farko suka harbe maharan uku.

Hajiya Binta: Usman, mutum takwas aka kashe a wannan daren. Minti takwas ba kaɗan ba ne ga wanda ake bi da wuƙa.

Malam Sani: Ban musa ba, Hajiya. Amma a duba ɗaya gefen. A 2005 aka bi Jean Charles de Menezes, ɗan Burazil mai gyaran lantarki, har cikin jirgin ƙasa a tashar Stockwell, aka harbe shi sau bakwai a ka bisa zaton ɗan ƙunar baƙin wake ne. Bai ji ba bai gani ba. Kuma waɗanda suka harbe shi zaɓaɓɓu ne da suka sha horo. To ina ga an raba bindiga ga jami'ai sama da 30,000? Harbe Mark Duggan da 'yan sanda suka yi a unguwar Tottenham ta Landan a 2011 kaɗai ya jawo tarzomar da ta bazu zuwa wasu biranen.

Malama Rabi: Ku bar ni in sa baki. Ni abin da ya fi damuna hannun da zai riƙe bindigar. Rahoton Macpherson na 1999, bayan kisan Stephen Lawrence, wani matashi baƙar fata, ya ce wariyar launin fata ta yi jijiya a rundunar. A 2023 binciken Louise Casey ya sake faɗin haka, ya ƙara da cin zarafin mata, kuma ya nuna sassan masu bindiga cikin wuraren da ɓarnar ta fi muni. Jami'in da ya sace Sarah Everard ya kashe ta a 2021 daga sashen gadin majalisa da ofisoshin jakadanci ya fito, da katin aikinsa ya tsayar da ita. Uwar da ɗanta baƙar fata ne ba za ta yi barci ba in an ce kowane mai sintiri yana da bindiga a ƙugu.

Hajiya Binta: Malama, wannan kam na karɓa, ban ce a raba wa kowa ba. Amma wanda aka tsayar a bakin ƙofar da kowa ya san maƙiya na hari, kada a bar shi da kulki kawai. A nan ba zan janye ba.

Usman: A kan masu gadin ƙofa ina tare da ke, Hajiya. Malam Sani fa?

Malam Sani: Masu gadin ƙofa na yarda. Mai sintirin unguwa kuwa a bar shi yadda yake.