IDP da Hausa: 'yan gudun hijira ko 'yan ƙaurar dole?

Jama'a, ina neman shawara, musamman daga masu fassara a rediyo da masu aikin agaji a nan Zamfara. Turawa suna da kalmomi biyu, refugee (wanda ya gudu ya ƙetare iyakar ƙasarsa) da IDP (wanda aka raba da gidansa amma yana cikin ƙasarsa), mu kuwa duk mun haɗe su mun ce 'yan gudun hijira. A hira ba laifi. A takardar raba tallafi kuwa akwai matsala, domin mutum biyu ne daban a idon doka.

Wanda ya bar Shinkafi ko Zurmi ya tsallaka Maraɗi, kamar dubban da suka yi hakan tun 2019, ya fita ƙasarsa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 kan 'yan gudun hijira da ta Afirka ta 1969 suna kare shi, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar, wato UNHCR, na yi masa rajista, har aka mayar da wasu garuruwa irin su Garin Kaka da Cadakori, nesa da iyaka. Wanda ya bar ƙauyensa a Maru ya zo Gusau ya raɓe a kangon wani fa? Bai ƙetare iyaka ba, ɗan ƙasa ne, nauyinsa yana wuyan gwamnatinsa. Abin da Yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda Tarayyar Afirka ta yi kan IDP, ta ce ke nan, Najeriya kuma ta amince da ita a 2012. In muka kira su da suna ɗaya, sai mai jin rediyo ya ɗauka duka aikin Majalisar Ɗinkin Duniya ne. Alhali shirin agajin da Majalisar ta yi shekaru tana fitarwa kan Najeriya, Borno da Adamawa da Yobe ya fi tsayawa a kai.

Ga abin da ake amfani da shi yanzu. "'Yan gudun hijira na cikin gida": ma'ana ta fito, amma ya yi tsawo, kuma ka faɗa wa tsohuwa "cikin gida" za ta ɗauka tsakar gida kake nufi. "Waɗanda rikici ya raba da muhallansu": wannan jimla ce, ba suna ba, ba ta shiga kan fom.

Wani malaminmu daga Anka ya rubuto: "Ɗana, ka saurari abin da mutanen ka cewa da bakinsu. Ba ka jin sun ce mun yi hijira, sai dai an tashe mu, ɓarayi sun tada garinmu. Mi za ya hana a ce tasassu?" Allah shi ƙara sani, Malam, hanyar da ka bi ita ce daidai. Sai dai tasasshe yana da wata ma'ana da ta riga shi zama, ta yaron da ya tasa ya kawo ƙarfi. Mai karanta labarai ya ce "tasassu dubu sun iso", za a ɗauka samari ne.

Korarru kuwa ban ma so a sa shi cikin lissafi. Kora ta mai laifi ce.

Wata yayarmu mai aikin jinya ta ce a bar hijira yadda take, domin kalma ce mai daraja: Annabi (SAW) ya yi daga Makka zuwa Madina, Shehu Usmanu ya yi daga Degel zuwa Gudu a 1804, kuma idan aka ce wa mutum ɗan hijira, masu masaukinsa sukan tuna Ansaru. Yaya, wannan hujja ta yi mini nauyi ƙwarai, don a Gusau da Anka da Tsafe mutanen gari ne suka fara buɗe zauruka tun kafin wata mota mai tambari ta iso. Ban ce a goge ta daga bakin jama'a ba, ba ma wanda zai iya.

Amma dubi wani gefen. Yarjejeniyar Kampala ba ta tsaya ga rikici ba, ta haɗa da ambaliya da manyan ayyukan gwamnati. Mutanen Gummi da ruwa ya ci gidajensu a 2024 suna ciki. Manoman da aka tasa saboda madatsar Bakolori, har abin ya kai ga zubar da jini a 1980, da yau ne su ma suna ciki. Waɗannan ba hijira suka yi ba, wasunsu ma ko gudu ba su yi ba, tashinsu aka yi da takarda.

Shi ya sa na tsaya kan 'yan ƙaurar dole. Ƙaura barin mazauni ce zuwa wani, ba ta ɗauke da ma'anar barin ƙasa, "dole" kuma ta raba shi da ɗan cirani da wanda ya bi kasuwa. Namiji ɗan ƙaurar dole, mace 'yar ƙaurar dole, wurin zama sansanin 'yan ƙaurar dole. Mutanen Ƙauran Namoda ku yi haƙuri, na san za a tsokane ku, amma taku Ƙaura sarauta ce.

Shawarata: a rubuce da rediyo, ɗan gudun hijira ya zama na wanda ya ƙetare iyaka, ɗan ƙaurar dole na wanda bai ƙetare ba. Masu fita ƙauyuka rajista, ku gwada wannan sabon suna a bakin mutanen da kansu. In suka ji shi kamar zagi, ku dawo ku faɗa mana mu sake nema.