Gargaɗin ƙarya daga manhajojin binciken kod: yaya kuke yi da shi?

Mai buɗe zance, daga Ali Dan Sofo:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina rubuta wa wani mai sayar da hatsi a babbar kasuwa manhajar lissafin haja da Python, kuma makon jiya na sa Bandit, manhajar da ke neman raunin tsaro a kod ɗin Python, ya bi kod ɗin. Gargaɗin da ya fito da su suna da yawa, amma da na zauna na duba sai na tarar mafi yawansu ba su da tushe. Ya kama ni da gargaɗi mai lamba B311 saboda na yi amfani da random, wato abin zaɓe na canke wanda bai dace da harkar tsaro ba, alhali ba kalmar sirri nake haɗawa ba, buhunan da za a sake aunawa kawai nake zaɓe. Ina roƙon kowa ya faɗi yadda yake yi.

Wani malami, daga unguwar Zaria:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Wannan kuka tsoho ne, domin tun 1978 da Stephen Johnson ya rubuta lint, wata tsohuwar manhajar binciken kod, ake yin sa. Irin wannan manhaja tana karanta kod ne ba tare da ta kunna shi ba, kuma tun 1953 Henry Rice ya tabbatar da cewa babu shirin da zai iya yanke hukunci daidai a kan halin kowane shiri, saboda haka dole ta yi zato, wani lokaci ta zargi mai gaskiya. Ni ƙa'idata ɗaya ce: ban yarda a rubuta nosec, alamar da ke sa Bandit ya yi shiru a kan layi, tsirara ba tare da lambar gargaɗi ba. Ɗalibina zai rubuta "# nosec B311" a kan layin kaɗai, ya kuma bayyana dalili a sama, don wanda zai gaji aikin ya san an duba, ba gajiya aka yi ba.

Wata mai aiki da PHP, daga Sabon Gari:
Malam ya yi gaskiya, kuma ni na ɗanɗana kuɗata. Na gaji manhajar wani shagon magani, na tarar wanda ya gabace ni ya rufe bakin PHPStan, mai binciken kod ɗin PHP, a kan jakar fayiloli guda sukutum, saboda ƙorafin null, wato gurbin da babu komai a ciki, ya ishe shi. A cikin abin da ya binne har da na gaske: duk takardar sayayya da ba ta da sunan mai saye tana kayar da shafin, kuma sai ranar da shago ya cika ake ganewa. Na cire rufin, na haɗa fayil ɗin baseline wanda ke ajiye tsofaffin gargaɗi gefe guda, ta yadda sabon kod ne kaɗai zai tsayar da aiki. Tsofaffin kuma ina rage su kaɗan-kaɗan, na fara daga mataki na 0, mafi sassaucin matakan binciken PHPStan, ina hawa.

Wani, daga Bagalam:
Wani lokaci gyaran kod ya fi rufe baki sauƙi. Da Bandit ya zarge ni kan MD5, tsohuwar hanyar fitar da tambarin fayil da ba a ƙara yarda da ita ba wajen tsaro, wanda tantance fayiloli masu kama da juna kawai nake yi da shi, sai na ƙara usedforsecurity=False, wanda Python ya kawo tun 3.9, gargaɗin ya tafi da kansa.

Mai buɗe zance:
Na gode Malam, na gode Yaya. Daren jiya na bi gargaɗin ɗaya bayan ɗaya ina rubuta dalili, sai na iso wani B608 da na kasa samar masa dalili, domin sunan mai kawo kaya yana shiga tambayar SQL, wato umarnin da ake aika wa ma'ajiyar bayanai, kai tsaye ba tare da tacewa ba. Na gyara shi kafin asuba.